Tallafin Horar da Ma'aikata a Saudiyya: Bayani ga Masu Sana'a da Matasanmu na Jidda



Akwai tambayar da ta yawaita a bakin 'yan'uwanmu mazauna Sa'alaba da sauran unguwannin kudancin Jidda, har ma da waɗanda ke gida suna da 'ya'ya ko ƙanne a can: shin gaskiya ne gwamnatin Saudiyya tana biyan mai gareji ko mai shago kuɗi idan ya koya wa yaro aiki? Gaskiya ne, amma da sharuɗɗa. Kuɗin suna bin takarda ne. Sai wurin aikin yana da rajista, yaron yana da rajista, kuma albashi yana bi ta banki. Mu kuwa mun saba koyar da sana'a da baki da amana: uba ya kai ɗansa wurin maigida, a yi addu'a, yaro ya shekara biyar yana koyo, ba a rubuta komai ba. Irin wannan koyo yana fitar da gwanaye, sai dai a idon hukuma kamar ba a yi shi ba.

Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda domin mai neman sani ya riƙa komawa gare shi. Mun bar sunayen shirye-shiryen yadda ake rubuta su a shafukan hukuma, don mai nema ya same su cikin sauƙi.

Mu kashi uku ne

Kafin a yi maganar kuɗi, sai kowa ya san matsayinsa, domin jama'armu a Jidda ba a kan takarda ɗaya suke ba.

Kashi na farko su ne 'yan ƙasa. Kakanninsu sun zo aikin hajji ta Chadi da Sudan suka tsallaka Bahar Maliya, da yawa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka zauna a Makka da Madina da Jidda. Zuriyarsu ce ke amsa sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi a yau. Duk tallafin da za mu lissafa a ƙasa su aka yi wa shi, daidai da kowane ɗan ƙasa.

Kashi na biyu su ne waɗanda mahaifiyarsu 'yar Saudiyya ce, mahaifinsu baƙo. Tun 2012 majalisar ministoci ta yarda su yi aiki a kamfanoni masu zaman kansu ba tare da sauya kafili ba, kuma a lissafin adadin 'yan ƙasa da kamfani ya ɗauka ana ƙirga su tare da 'yan ƙasa. Gidaje da yawa ba su san da wannan ba, suna zaune da 'ya'yan da kamfanoni za su yi murnar ɗauka.

Kashi na uku su ne masu iƙama, har da waɗanda aka haifa a Jidda ba su taɓa ganin Kano ko Kumasi ba. Asusun gwamnati ba ya biyan kuɗin horar da su. Duk da haka akwai abubuwan da suka shafe su, za mu zo kansu a gaba.

Hukumomin da ke riƙe da al'amarin

Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci Gaban Al'umma, wadda jama'a ke kiran ofisoshinta maktabul amal, ita ke kafa dokoki. Shafinta na Qiwa shi ne inda ake rubuta kwantaragin aiki, a ga matsayin kamfani, a nemi izinin aiki.

Asusun Bunƙasa Ma'aikata, wanda aka fi sani da Hadaf, an kafa shi a shekarar 2000. Shi ne ke fitar da kuɗin horarwa da na tallafa wa albashi. Neman aiki da tallar guraben aiki yanzu suna bi ta shafin Jadarat, wanda ya gaji tsohon shafin Taqat.

Hukumar Horar da Fasaha da Sana'o'i, wadda ta samo asali a 1980, ita ke da kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a, kuma ita ke ba cibiyoyin horarwa masu zaman kansu lasisi.

Hukumar inshorar ma'aikata, wato Ta'aminat, ita ke riƙe da rajistar kowane ma'aikaci da albashinsa. Wanda babu sunansa a Ta'aminat, Hadaf ba ta san da shi ba. Shafin Mudad kuma shi ne ƙananan kamfanoni ke amfani da shi wajen nuna cewa sun biya albashi ta banki a kan lokaci.

Sai Monsha'at, hukumar ƙanana da matsakaitan sana'o'i da aka kafa a 2016. Tana da cibiyar taimaka wa masu sana'a a Jidda, inda ake ba da shawara da darussa kyauta.

Dalilin duk wannan hidima a fili yake. Shirin Hangen 2030, wanda aka ƙaddamar a Afrilun 2016, ya sa burin rage rashin aikin yi tsakanin 'yan ƙasa zuwa kashi 7 cikin 100, an kuma kai wannan adadi a ƙarshen 2024. Gwamnati na son kamfanoni su ɗauki 'yan ƙasa, ta kuma san cewa mai kamfani ba zai ɗauki wanda bai iya aiki ba sai an rage masa nauyin koya masa.

Abin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata

Dokar aiki ta Saudiyya ta 2005 ta ware babi guda kan horarwa. Sashe na 42 ya ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata nauyin koya wa ma'aikatansa 'yan ƙasa aiki da ɗaukaka ƙwarewarsu. A asalin dokar, sashe na 43 ya shafi wanda ke da ma'aikata 50 ko fiye. Gyaran da aka yi a 2015 ya ɗaga adadin 'yan ƙasar da zai horar duk shekara daga kashi 6 zuwa kashi 12 cikin 100 na yawan ma'aikatansa. Irin waɗannan kamfanoni kuma an wajabta musu bayyana alƙaluman horarwarsu a Qiwa duk shekara, da kuma karɓar ɗaliban manyan makarantu domin koyon aiki. Gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya ƙara da cewa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya tsara manufarsa ta horarwa.

Yawancin masu sana'armu ba su kai ma'aikata 50 ba, amma wannan bayani yana da amfani ga matashi: idan ya je babban kamfani neman gurbin koyon aiki, ya sani cewa kamfanin ma yana da buƙatarsa domin cika abin da doka ta ce.

Abin da ya shafi kowa, babba da ƙarami, shi ne kwantaragin horarwa. Doka ta ce a rubuce zai kasance, a faɗi sana'ar da za a koya, tsawon lokacin, matakan koyon, da alawus ɗin da za a riƙa ba mai koyo. Ta kuma ba maigida damar sharɗanta cewa idan an gama, mai koyon zai yi masa aiki na wani lokaci daidai da tsawon horon, in ya ƙi sai ya biya kuɗin da aka kashe a kansa. Dattawanmu da ke kukan cewa suna koya wa yaro aiki, da zarar hannunsa ya faɗa sai ya gudu, ga maganin kukan nan a cikin doka, amma sai wanda ya rubuta ne zai amfana da shi.

Tallafin da Hadaf ke bayarwa

*Tamheer.* Shiri ne na koyon aiki a wurin aiki, ga waɗanda suka gama difloma ko digiri ba su da aiki kuma ba su da doguwar gogewa. Yana ɗaukar wata 3 zuwa 6. Hadaf ce ke biyan mai koyo alawus, riyal 3,000 a wata ga mai digiri, ita ce kuma ke ɗaukar inshorar haɗarin aiki. Mai kamfani ba ya biyan albashi. Abin da ke kansa shi ne ya rubuta tsarin horon, ya naɗa wanda zai kula da mai koyon, ya riƙa shigar da halartarsa da rahotonsa, ya ba shi shaida a ƙarshe. Adadin waɗanda kamfani zai karɓa ya danganta da girmansa. Ga mai ƙaramin ofishin lissafi, ko kamfanin jigilar kaya, ko asibiti mai zaman kansa, wannan dama ce ta gwada matashi wata shida kafin a yanke shawarar ɗaukarsa.

*Tallafin albashi.* Idan kamfani ya ɗauki ɗan ƙasa aiki na cikakken lokaci a kan albashin da bai gaza riyal 4,000 ba kuma bai wuce 15,000 ba, Hadaf tana ɗaukar wani kaso na albashin har tsawon wata 24. Kason yana farawa daga 30 cikin 100. Yana ƙaruwa idan ma'aikacin mace ce, ko mai naƙasa ne, ko kamfanin ƙarami ne, amma ba ya wuce rabin albashin, kuma ba ya wuce riyal 3,000 a wata. Mai kamfani ne ke fara biyan albashi cikakke ta banki, daga baya tallafin ya biyo. Akwai wa'adin neman tallafin da ake ƙirgawa daga ranar da aka shigar da ma'aikaci a Ta'aminat. Wanda ya yi sakaci har wa'adin ya wuce ya rasa, don haka a duba shi tun ranar da aka ɗauki mutum.

*Horon da ke tafe da alƙawarin aiki.* A nan kamfani ne ke sa hannu da matashi tun kafin ya fara karatu, ya tura shi wata cibiya ta haɗin gwiwa, Hadaf ta ɗauki kaso mafi yawa na kuɗin horon, kamfanin ya cika sauran. Misali mafi kusa da mu shi ne Cibiyar Saudiyya da Japan ta Koyon Gyaran Motoci da ke Jidda, wadda ta fara aiki a 2002. Shekara biyu ake yi, kuma dillalan motocin Japan da ke ƙasar ne ke ɗaukar waɗanda suka gama. A Rabig, arewa da Jidda, akwai irin wannan cibiya ta harkar ruwa da lantarki. Yaron da ya tashi a gareji yana riƙe wa mahaifinsa sifana, idan yana da takardar gama sakandare kuma ɗan ƙasa ne, wannan hanya tasa ce.

*Takardun ƙwarewa.* Hadaf tana da jerin takardun ƙwarewa da ta amince da su a fannoni kamar lissafin kuɗi, tafiyar da ayyuka, kwamfuta da lafiya. Ma'aikaci ne ke fara biyan kuɗin karatu da jarrabawa, idan ya ci ya kai rasit da shaidarsa a mayar masa. Kafin a biya ko riyal ɗaya, a tabbatar takardar tana cikin jerin.

*Doroob.* Shafin koyo ne ta intanet, kyauta, mai darussa kan mu'amala da abokan ciniki, sayarwa, amfani da kwamfuta, Turanci na wurin aiki da sauransu, ana kuma ba da shaida. Mai shago zai iya sa yaransa su yi darasi ɗaya duk wata ta waya ba tare da ya kashe komai ba.

*Wusool da Qurrah.* Waɗannan na mata ma'aikata ne. Wusool yana ɗaukar kashi 80 cikin 100 na kuɗin mota daga gida zuwa wurin aiki ta manhajojin kiran mota, zuwa wani iyaka a wata, ga matan da albashinsu bai wuce riyal 8,000 ba. Qurrah yana biyan wani ɓangare na kuɗin gidan reno ga ƙananan yara. Ma'aikaciyar ce ke karɓar tallafin, amma mai kamfani ma yana amfana, domin mota da reno su ne manyan abubuwan da ke sa mace ta ajiye aiki bayan an gama wahalar koya mata. Matanmu masu ɗinki, da masu gidan kwalliya, da masu dafa abinci da suka yi rajista su lura da wannan.

*Masu naƙasa.* Doka ta ce wurin da ke da ma'aikata 25 ko fiye, in yanayin aikin ya yarda, kashi 4 cikin 100 su kasance masu naƙasa. A lissafin Nitaqat, idan an cika sharuɗɗa, ana ƙirga mai naƙasa ɗaya a matsayin mutum huɗu.

Ban da na gwamnati, akwai Bab Rizq Jameel, wanda gidan Abdul Latif Jameel ya fara a Jidda a 2003 domin haɗa matasa da aiki da horo, da kuma makarantar Nafisa Shams ta koya wa mata sana'o'in hannu.

Nitaqat da kuɗin maktabul amal

Ba za a fahimci amfanin tallafin ba sai an haɗa shi da Nitaqat. An kawo tsarin a 2011. Yana raba kamfanoni zuwa launuka gwargwadon yawan 'yan ƙasar da suka ɗauka: filatinom a sama, sai kore mai hawa uku, sai ja a ƙasa. A da akwai rawaya, an soke ta. Kamfanin da ya faɗa ja ba ya samun sabuwar biza, ba ya iya sabunta izinin aikin ma'aikatansa baƙi. Tun Afrilun 2021, sai albashin ɗan ƙasa ya kai riyal 4,000 ake ƙirga shi mutum ɗaya cikakke. Wanda ke tsakanin 3,000 da 4,000 rabin mutum ake ƙirga shi.

A ɗaya gefen kuma, kowane ma'aikaci baƙo ana biya masa kuɗin maktabul amal: riyal 700 a wata idan baƙin ba su fi 'yan ƙasa yawa a kamfanin ba, 800 ga waɗanda suka haura. An yi wa ƙananan wurare masu mutum 9 ko ƙasa da haka sauƙi. Idan mai wurin shi da kansa yake aiki a ciki kuma yana da rajista a Ta'aminat, ana yafe masa kuɗin baƙi biyu. Idan ya ƙara ɗaukar ɗan ƙasa ɗaya, a yafe masa na huɗu. An tsawaita wannan sauƙi da shekara uku a Fabrairun 2024.

Ga misalin lissafi, domin a ga yadda abin ke haɗuwa. Mu ɗauka ɗan'uwanmu ɗan ƙasa yana da gareji mai rajista, shi da baƙi huɗu. Biyu an yafe masa, biyu yana biya musu. Sai ya ɗauki matashi ɗan ƙasa a kan riyal 4,000. Ko da mafi ƙarancin kaso aka ba shi, wato 30 cikin 100, zai samu 1,200 duk wata, riyal 28,800 ke nan a wata 24. Sauran baƙin biyu kuma sun shiga cikin yafiya, ko a kan 700 aka lissafa ya tsira da 1,400 a wata. Abin da zai ƙaru a kansa shi ne kason Ta'aminat, kimanin kashi 12 cikin 100 na albashin, kusan riyal 500. Idan aka tara aka debe, matashin da ake ganin ya yi tsada bai kai riyal 2,000 a wata ba a aljihun maigida, ga shi kuma baƙin nan huɗu, waɗanda wataƙila su ma 'yan'uwanmu ne, iƙamarsu ta samu kwanciyar hankali. Wannan shi ne abin da muke so a gane: ɗaukar ɗan ƙasa a koya masa aiki yana kare gurbin mai iƙama a wuri guda.

Mai iƙama fa?

Abu na farko shi ne jarrabawar tantance sana'a, wadda ake kira fahasul mihani. An ƙaddamar da ita a Maris 2021, aka fara tilasta ta daga Yulin wannan shekara, aka soma da manyan kamfanoni. Ta shafi sana'o'in hannu irin su lantarki, famfo, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, walda da kanikanci. Akwai ɓangaren tambayoyi, akwai na gwaji da hannu. Wanda ya ci yana samun shaida da sunansa. Ga mutumin da ya shekara ashirin yana aiki babu wata takarda, wannan ce shaidar hukuma ta farko da za ta ce ya iya, kuma za ta yi masa amfani ko ya koma gida.

Na biyu, sana'ar da ke rubuce a iƙama ta dace da aikin da mutum yake yi. Wanda aka rubuta masa lebura alhali kaniki ne, ya roƙi kamfaninsa ya gyara ta Qiwa.

Na uku, tun 14 ga Maris 2021, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani kamfani bayan shekara ɗaya ba tare da yardar na farko ba, idan ya cika sharuɗɗa. Wannan bai shafi masu aikin gida da direbobin gida ba. Ke nan mai ƙwarewa da shaida yana da bakin magana fiye da da.

Na huɗu, doka ta ɗora kuɗin iƙama da na izinin aiki da sabunta su a kan mai ɗaukar aiki. Ba a cire su daga albashin ma'aikaci.

Na biyar, babu abin da ya hana mai kamfani ya tura ma'aikacinsa baƙo kwas a cibiya mai lasisi da kuɗinsa. Cibiyoyi da yawa suna karɓar masu iƙama. A dai tabbatar da lasisin cibiyar kafin a biya.

Waɗanda ba su da takardar zama kuwa, babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi da ke buɗe musu. Matakinsu na farko shi ne ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Jidda, domin neman fasfo da shawara.

Darasin shagunan waya

Dattawa da matasa za su tuna 2016. A shekarar ne aka mayar da sayar da wayar hannu da gyaranta na 'yan ƙasa kaɗai, rabi a watan Yuni, gaba ɗaya a Satumba. Shagunan titin Falasɗinu da na cikin unguwanni suka sauya hannu cikin 'yan watanni. A lokacin hukumar koyar da sana'o'i da Hadaf sun buɗe kwasa-kwasan gyaran waya kyauta ga 'yan ƙasa. Matasan da suka shiga sun samu shaguna, masu iƙamar da ba su da sana'a ta biyu suka zauna. A 2018 aka bi da wasu fannoni 12 na kasuwanci, kuma har yau ana ƙara sana'o'i a jerin. Sai ga rushe-rushen da aka fara a ƙarshen 2021 a Gulel da Petromin da Karantina da Sabil da Hindawiyya da maƙwabtansu, wanda ya watsa jama'a, ya raba maigida da yaransa, ya raba mai sana'a da abokan cinikinsa. Wanda sunansa a unguwa ne kawai jarinsa, da unguwar ta tashi sai ya koma farawa daga tushe. Wanda ke da shaida a hannu ya kai ta wani wuri ya ci gaba.

Tarkunan da za a kiyaye

Na farko, ba da suna. Wani zai ce wa matashi ɗan ƙasa ya kawo katinsa a rubuta shi a matsayin ma'aikaci, a riƙa ba shi 'yan kuɗi yana zaune a gida. Wannan shi ne sa'awada ta ƙarya. Laifi ne, ana cin kamfani tara, ana karɓe tallafin da aka biya. Matashin kuma yana cutar kansa, domin a rajista ya zama mai aiki, sai ya rasa Tamheer da sauran shirye-shiryen da aka ware wa marasa aiki, kuma bai koyi komai ba.

Na biyu, tasattur, wato baƙo ya riƙa gudanar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, a kan duka biyun. Neman tallafin gwamnati da irin wannan wuri kai kai ne ga hukuma.

Na uku, masu cewa a ba su kuɗi su nemo wa mutum tallafi. Neman tallafin Hadaf kyauta ne. Kada a ba kowa lambar sirrin Absher, kada a amince da buƙatar Nafath da ba kai ka nema ba, ko da wanda ya kira ya ce daga hukuma yake.

Na huɗu, rubuta albashin 4,000 a takarda a riƙa biyan 2,500 a hannu, ko a tura ta banki a ce yaro ya dawo da wani abu. Zalunci ne, kuma yana fitowa fili ranar da aka samu saɓani.

Matakai a taƙaice ga mai sana'a

1. Rajistar kasuwanci da lasisin baladiyya su kasance da rai.
2. A buɗe fayil a Qiwa da Ta'aminat da Mudad, a duba launin Nitaqat.
3. A yi rajistar kamfani a shafin Hadaf, a saka asusun banki mai sunan kamfanin.
4. A rubuta kwantaragi a Qiwa, ma'aikaci ya amince da shi ta wayarsa.
5. A nemi tallafi cikin wa'adi, a riƙa biyan albashi ta banki a kan lokaci.
6. A ajiye rajistar horarwa: wa aka koya wa, me aka koya masa, yaushe.
7. Kafin a gina lissafi a kan wani adadi, a sake karanta sharuɗɗan da ke shafin Hadaf a ranar, domin ana sabunta su lokaci zuwa lokaci.

Ga waɗanda ke gida

Irin wannan tsari ba a Saudiyya kaɗai yake ba. A Nijeriya akwai asusun ITF tun 1971. Kamfanonin da doka ta shafa suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida zai iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya zuba. A Nijar akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a. A Ghana akwai hukumar CTVET mai kula da koyar da sana'o'i da ba da shaida, ga kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017. A ko'ina sharaɗin ɗaya ne: rajista da takarda.

Muna roƙon iyayenmu masu gareji da shagunan ɗinki da gidajen abinci su zauna da 'ya'yansu masu iya waya da Larabcin ofis, a buɗe waɗannan shafuka tare a duba. Muna roƙon limamai da shugabannin ƙungiyoyi su isar da bayanin ga gidajen da ke da 'ya'yan 'yar ƙasa, da masu naƙasa, da matan da ke son aiki mota ta hana su. Matasa kuma, wanda ya gama difloma yana zaune, ya shiga Jadarat a wannan mako ya cika bayanansa.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa aiki aikin halal. Amin.